Benci Shida

Ni na ƙera musu benci na farko,
shida, da katakon wawa.
Sunan itacen ke nan a Kumasi, ba zagi ba ne,
kuɗinsu ne bai kai na odum ba.

Adomako ya iso shagona a Aboabo
da takalmi mai buɗaɗɗen baki,
Littafinsa a cikin leda saboda damina.
Ya ce, "Baba Gariba, rabi yau, rabi in Allah ya kawo."
Na ce, "Kowa haka yake faɗa."
Ya ce, "To, ni ka rubuta."
Na rubuta da gawayi a jikin bango.

Ajin makaranta suka ara in yara sun tashi.
Su tara ne, na ƙirga:
Dufie mai kenke da muryarta kamar zarto,
wani direba da giya ta kora daga tasha,
Lariba mai dakon kaya a Kejetia,
wadda gammo ya cinye mata gashin tsakar ka,
sauran na manta su.
Benci biyu ma sun ishe su, huɗun na jiran baƙi.

Shekara ba ta zagayo ba sai ga saƙo: ƙaro ashirin.
Suka koma tsohon sito na koko,
inda addu'a ke tashi da ƙanshin buhu.
Daren Juma'a ba barci a layinmu,
ganga, kuka, harsunan da ko Kejetia ba ta ji irinsu ba.
Liman Sumaila ya je da sandarsa da fushinsa,
ya dawo da alkawari:
in ladan ya yi gyaran murya, lasifikarsu ta yi shiru.
Har yau ba su saɓa ba, wannan na shaida.

Sai shekarar tsagewa.
Mataimakinsa ya yi mafarki shi ma an kira shi,
ya tafi da rabin jama'a da molon lantarki
da bencina goma sha ɗaya a bayan akori-kura.
Na ga Adomako a gindin mangwaro
yana cin gasasshiyar ayaba ba gyaɗa.
Ban ce masa komai ba. Na miƙa masa ruwa.

Daga nan abin ya wuce ma'aunina.
Rediyo da asuba, allo a kowace mahaɗa,
reshe a Tafo, reshe a Suame wajen makanikai,
makaranta, ɗakin shan magani, motoci masu hotonsa,
gini mai hawa uku da gilashi mai kashe ido.
Kujerun roba suka zo dubu biyu a kwantena,
ba wanda ya sake tambayar kafinta.
Wasu sun ce ya warkar, wasu sun ce ya tara.
Ni kusa na sani da guduma,
zuciyar mutum ba katako ba ce da zan ƙwanƙwasa in ji.

Bara aka aiko yaro ya kira ni.
Can baya, bakin ƙofa, bayan duk robar,
benci ɗaya na ɗingishi da ƙafar hagu.
Lariba ce a kai, da furfura da jikoki,
ta ce ita ba ta iya addu'a a kan roba.
Na durƙusa na buga kusa uku.

Ina tattara kaya sai ga shi da fararen riguna,
da masu riƙe masa jaka, da ambulan a hannu.
"Baba, rabin nan."
Na ce, "An yi wa bangon fenti tun tuni."
Ya ce, "Ni ban shafe ba."
Na ce, "Mayar aljihu, Adomako.
Muddin ina bin ka,
ba za ka manta hanyar Aboabo ba."